Ƙarfen Awon Iska a Bayan Rido

Tun da aka turo ku yadin nan nake jin kuna cewa aikinmu hawa ne kawai, wai duk wanda ba ya jin jiri ya gama koyo. To ku ajiye wayoyin nan ku matso kusa. Kafin motar kaya ta iso zan ba ku labarin ƙarfe guda ɗaya da muka kafa a bayan garin Rido. In kun gama ji, sai ku sake shawara.

Ni ba da wannan sana'a na fara ba. Makanike ne ni a masaƙa, nan Kakuri, ina gyaran injin saƙa. Da masaƙu suka rufe muka watse, kowa ya kama gabansa. Ina zaune a Makera babu abin yi, sai wani maƙwabcina ya haɗa ni da Baba Bitrus, mutumin Kudancin Kaduna ne da ke zaune a Barnawa. Shi ya yi suna wajen kafa ƙarfen gidan rediyo, daga baya kuma ƙarfen sabis na waya. Ranar da na fara zuwa na ɗauka zai ce in hau ya ga ƙarfin halina. Sai ya jawo wani buhu ya zazzage igiyoyi a gabana, ya ce in bi su da yatsa daga wannan baki zuwa wancan, in ware wadda ta fara ci. Na yi watanni a ƙasa ina wannan. In goge ƙugiya, in shafa wa noti giris, in ɗaura igiya ya kwance ya ce in sake. Da na gaji na yi masa magana, sai ya ce, "Haruna, wanda ke sama ransa yana hannun na ƙasa. In ba ka iya riƙe wa wani igiya ba, ba zan sa wani ya riƙe maka ba."

Kayan aikin ga su nan a gabanku, amma ba ku san dalilinsu ba. Bel ɗin hawa ƙugiya biyu gare shi, don kada a taɓa samun lokacin da duka biyun suke a sake. Sai ka maƙala ɗaya kafin ka cire ɗaya, ko da tsayin da ka hau bai wuce rufin ɗaki ba. Sifana kuwa kun ga kowace da zarenta. A ƙugu ake ɗaure ta, domin in ta suɓuce daga can sama, hular kwano ba ta hana ta fasa kan mutum. Akwai winci na jan kaya masu nauyi, akwai kamfas mai nuna alƙibla, akwai abin gwada ƙarfin ɗaurin wayar da ke riƙe ƙarfe a tsaye. Baba yana da wannan abin gwajin kuma yana amfani da shi, amma bayan ya gama sai ya bugi wayar da tafin hannu ya tsaya yana jin yadda bugun zai je sama ya dawo. Ni ma na koya, sai dai na daɗe kafin hannuna ya fara ji. Ranar Juma'a da kansa yake leƙo sama ya ce in sauko kada in rasa masallaci, ranar Lahadi kuwa ko ƙusa ba ma bugawa.

Aikin iska ya zo mana ne bayan gwamnati ta fito da shirinta na tallafa wa masu samar da wuta daga iska da rana. Tsarin shi ne, in mutum zai kafa manyan fankoki a kan tudu su ba da wutar lantarki, hukuma za ta tantance wurin. In ta amince ta ba shi takarda, to ya shiga shirin, za a riƙa sayen wutarsa, kuma masu ba da jari za su saurare shi. In babu takardar, ko ya kafa fankokin shi kaɗai ya sani. Hukuma kuwa ba ta karɓar "wallahi akwai iska a wurin." Awo take so, na shekara guda cur, rani da damina, babu giɓi a tsakani. Nan muke shigowa. Mu ne masu kafa ƙarfen awo: siriri ne, kaurinsa bai fi ka rungume shi ba, amma ya fi ƙarfen sabis tsayi, kuma babu abin da ke riƙe da shi sai wayoyi ta fuska huɗu da aka ɗaure a turaku cikin ƙasa. A jikinsa akwai hannuwa, a bakin kowane hannu ƙananan kofuna uku da iska ke juyawa, da wata kibiya mai nuna inda iskar ta fito. A gindi kuma akwati ne mai ajiye duk abin da kofunan suka gani.

Wanda ya ba mu aikin Rido shi ne Alhaji Mamman, ɗan kasuwa daga Tudun Wada. Janareto yake sayarwa, kuma ya yi arziki da shi, amma ya ce ya gaji da sayar wa mutane hayaƙi da ƙara. Yana da fili a kan wani tudu can bayan matatar mai, kusa da wani ƙaramin ƙauyen Gbagyi. Ya ce duk sanda ya je wurin, babbar rigarsa sai ta nemi tashi da shi. Mutum ne mai saurin magana, mai sakin hannu. Tun kafin mu tona ramin farko ya riga ya tara mutanen ƙauyen ya gaya musu cewa in aka kafa fankoki, su za a fara ja wa wuta.

Ranar ɗaga ƙarfen nan ba na mantawa da ita. A ƙasa ake haɗa shi, a kwance, sannan winci ya ja shi a hankali har ya miƙe. Wurin da ya fi haɗari shi ne in ya kai rabin hanya, bai kwanta ba bai tsaya ba; waya ɗaya in ta fi 'yar'uwarta saki, sai ya lanƙwashe kamar kara. Baba ya tsaya a gefe, hannu ɗaya a sama, ba ya ihu. Da yatsa yake magana da mai winci. Mai unguwar ƙauyen, wani tsoho dogo mai ƙarancin magana, ya fito da mazan garin suka tsaya inda Baba ya ja musu layi, mata kuma suka kawo kunu da dafaffiyar doya. Da ƙarfen ya tsaya cak, kofuna suka fara juyawa, sai guɗa ta tashi. Daga ranar Mai unguwa ya sa aka kewaye turakun da ƙaya saboda shanu, ya kuma ce duk wanda ya taɓa waya da shi ya yi.

Bayan 'yan kwanaki hukuma ta turo mai tantancewa. Muna jiran wani babban mutum mai tumbi, sai ga wata mata 'yar siririya ta sauko daga mota da takalmin aiki, ta ce sunanta Injiniya Rifkatu. Ta gaida Baba da ladabi, ta duba lambar kowane kofi ta gwada da takardar gwajinsa, ta ɗauki kamfas ta zagaya. Sai ta ce a ba ta bel. Muka dubi juna. Baba ya miƙa mata nasa, ya ce ni in riƙe mata igiya. Yadda ta maƙala ƙugiyar farko na san ba yau ta fara ba. Ta hau har ƙarshe, ta auna tsayin kowane hannu da kanta. Da ta sauko ta ce, "Baba, aikinku ya yi kyau. Amma hannun tsakiya yana bayan ƙarfen ta wajen da iskar damina ke zuwa. Ƙarfen zai riƙa tare masa iska. A juya shi."

Ni na ji haushi, don ni na ɗaura hannun nan, kuma juya shi aikin yini ne. Baba ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Gaskiyarki, 'yata. Haruna, oya, ɗauko sifana." A hanyar komawa gida ya ce mini tun da yake aiki bai taɓa ganin wanda aka turo dubawa ya hau ya gani da idonsa ba, sai ita.

Daga nan sai reno. Kowane wata muna zuwa mu duba ɗaurin wayoyi, mu kwashe awon da ke cikin akwati, mu share gidan zanzaro, mu kori tsuntsayen da ke son yin sheƙa a hannuwa. Kofi ɗaya in ya fara nauyi saboda datti, ƙarya zai riƙa yi, kuma ba zai gaya maka ba. Sai ka hau ka juya shi da yatsa ka saurara.

Wata ranar Talata a farkon damina muka je irin wannan zagaye. An kwana biyu ana ruwa, ƙasa ta jiƙe sharkaf. Ina sama ina sauya wani kofi, sai na ji Baba ya kira sunana da wata murya da ban saba ji ba. "Haruna, bar shi. Sauko yanzu." Na waiga gabas na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin. Da na diro ya nuna mini turken gabas. Ƙasar da ke kewaye da shi ta tsage, kankaren ya fara ɗagowa. Ta nan guguwar za ta bugo, kuma turken nan shi zai ɗauki duka nauyin. In ya fita, ƙarfen ya faɗi. In ya faɗi, awon watannin da muka yi ya tashi a banza, sai an sake daga farko.

Babu lokacin haɗa siminti. Baba ya ce in kawo motarmu a-kori-kura in tsayar da ita a bayan turken. Ya ɗaura sarƙa daga wayar zuwa ƙashin motar, ya ja da winci har nauyin ya rabu biyu. Amma mota marar kaya a kan laka ja za a yi da ita. Ya dubi Mai unguwa, wanda ya riga ya iso da mutanensa, ya ce, "Ranka ya daɗe, duwatsu nake so." Ban taɓa ganin aiki irin na ranar ba. Maza da mata suka bazu a tudun, matan suna ɗauko duwatsu a kafaɗa yadda suka saba ɗaukar kaya, ana zubawa a bayan mota ana jerawa a kan turke, har tayoyi suka nutse. Iska ta fara kaɗawa, wayoyi suka soma kuka. Wasu samarin garin suka ce za su tsaya su riƙe sarƙar da hannu. A nan ne kaɗai na taɓa jin Baba ya ɗaga murya. "Kowa ya bar wurin nan! Tsawa ƙarfe take nema. In ya faɗi za a sayi wani, ku kuwa a ina za a sayo ku?" Ya kore mu duka zuwa cikin gari, shi ne na ƙarshen barin tudun.

Daga zauren Mai unguwa muka riƙa hangen ƙarfen cikin ruwa, yana sunkuyawa yana miƙewa. Guguwar ta yaye rufin ɗakuna biyu a garin. Da ta wuce muka koma, muka tarar motar ta ja baya kamar taku ɗaya, turken ya ƙara ɗagowa, amma ƙarfen yana tsaye, kofuna suna juyawa, akwati bai daina aiki ba. Washegari muka tona sabon rami mai zurfi muka zuba kankare.

Shekara ta cika babu giɓi. Aka miƙa awon ga hukuma. Bayan wani lokaci Alhaji ya kira mu ofishinsa na Barnawa, ya ce Injiniya za ta zo da sakamako, yana so mu ma mu ji. Har lemo ya sa aka sayo. Ta zauna ta buɗe kwamfutarta ta juyo masa da ita. Ta ce awon yana da tsabta, ba ta taɓa karɓar wanda ya fi shi cika ba. Sannan ta ce, "Amma Alhaji, iskar ba ta kai ba. Ba zan iya ba da amincewa ba."

Alhaji ya fara magana da sauri. Ya nuna watannin da layin awon ya yi sama a kwamfutar ya ce ga iska nan, a duba waɗannan. Ta ce ta gan su, amma fanka ba wata uku take aiki ba, shekara take yi. "In na sa hannu, za ka zuba dukiyarka ka kafa fankokin da za su yi rabin shekara a tsaye suna kallon mutane. Ranar ba za ka gode mini ba."

Sai ya juyo wajen Baba. "Baba Bitrus, ko dai kofunanku ne suka yi nauyi? In akwai shakka, faɗa mini, mu sake wata shekarar." Ku gane abin da ake miƙa wa Baba a nan. In ya ce mai yiwuwa ne, mun sami aikin wata shekara, kuma a lokacin ba mu da wani aikin a gaba. Ni dai na sunkuyar da kai. Baba ya ce, "Alhaji, kofunan lafiyarsu ƙalau. Kowane wata da hannunmu muke juya su. Abin da suka faɗa shi ne abin da ke wurin." Alhaji ya tashi ya fita daga ofishinsa ya bar mu a zaune da lemo.

Ranar sauke ƙarfen, Injiniya ta zo, alhali ba aikinta ba ne. Ta ce mutanen da suka ɗauki duwatsu sun cancanci su ji daga bakin wanda ya hana. Mai unguwa ya saurare ta har ta gama, sannan ya ce, "Yarinya, iskar da ta yaye mana rufi a kan idon waɗannan mutane, ita ce kike cewa babu?" Ta ce, "Baba, wadda ke yaye rufi ta zo da ƙarfi ne ta wuce. In ta zo ma, tsayar da fanka ake yi kada ta karye. Wadda ke ba da wuta ita ce mai kaɗawa a hankali kullum, safe da yamma. Irinta ce ba ta ishe ku ba." Mai unguwa ya juya ya koma gida. Amma da muka fara sakin winci, sai ga mazan garin sun zo sun tsaya a layin da aka ja musu bara, suka taya mu naɗe wayoyi. Ba a yi guɗa ba ranar, kunu kuwa an kawo.

Shekarar da ta biyo baya ita ce mafi muni a aikina. Magana ta zagaya cewa ƙarfen Baba Bitrus ba ya kawo sa'a, wanda ya ba shi aiki ba ya samun takarda. Mutum biyu da suka yi mana alkawari suka janye. Ma'aikatanmu suka watse, mai winci ya koma garinsu noma. Ni na karɓi keke mai ƙafa uku ina ɗaukar fasinja tsakanin Unguwar Mu'azu da Kakuri. Baba, mutumin da ya kafa ƙarfen da ake hange daga ƙetaren kogi, ya koma ɗora wa mutane tankin ruwa da kwanon talabijin a gidajen Barnawa. Duk da haka kowace Asabar sai ya kira ni mu buɗe sito, mu shanya igiyoyi, mu shafa wa winci mai. Na ce masa aikin me muke yi wa kayan da ba a nema. Ya ce igiya ba ta san an daina kiranmu ba, ci za ta ci gaba da yi.

Wata safiya ina layin keke, sai ga motar Alhaji Mamman ta tsaya. Ya sauke gilashi ya ce in kai shi gidan Baba. A tsakar gida Alhaji ya tsaya ko zama bai yi ba. Ya ce, "Na yi fushi da ku, kuma na daɗe ina yi. Amma na zauna na duba abin da zan zuba a tudun can da kun bi son raina. Na sami wani wuri can kudu, kan duwatsu. Ba na son kowa ya auna mini sai wanda zai iya ce mini a'a." Baba ya ce to, ya shiga ɗaki ya ɗauko hularsa.

Wancan wurin ya ci. Muka yi shekararmu, Injiniya ta sake hawa ta sake sauka, ta ba da amincewar farko. Aka kawo fankoki a dogayen motoci, aka kafa. Kada ku ɗauka an gama daga nan. Kafin a ba da takardar ƙarshe sai ta dawo ta duba cewa abin da aka kafa shi ne abin da aka ce za a kafa, ta gwada mitar da za ta riƙa ƙirga wutar, ta sa mata hatimi, ta sa a tsayar da fanka a sake tayar da ita a gabanta. Ta mayar da su baya sau ɗaya a kan wayar kariya daga tsawa, nan take Alhaji ya sa aka gyara.

Ranar da za a miƙa takardar, Alhaji ya aika mota har bayan Rido aka ɗauko Mai unguwa, wanda har lokacin garinsa babu wuta. Lokacin Baba ya daina hawa, gwiwa ta hana shi, amma ya zo. Tsofaffin biyu suka tsaya a gindin fanka ɗaya, fikafikanta suna wucewa a samansu da wani irin huci. Babu hadari, babu guguwa, rana tsaka, amma iskar ba ta tsaya ba ko na ɗan lokaci. Mai unguwa ya tsaya yana jin yadda take kaɗawa. Can ya sa aka kira masa Injiniya.

Ya ce, "Yarinya, na ji ta. Tamu ba ta kai wannan ba. Ba ki cuce mu ba."

Ta ce, "Na gode, Baba."

Ya ce, "To iska kin ce ba mu da ita, na yarda. Rana fa? Ko ita ma sai an kafa ƙarfe kafin a yarda tana fitowa a garinmu?"

Ta yi dariya har ta dafa gindin fankar. Ta ce, "Ita ma sai an auna, Baba."

Ya juya wajen Baba Bitrus ya ce, "Ka ji. Duwatsunku suna nan inda kuka bar su. Yaushe za ku zo?"